Gadon Jego a Garaji

Na gina garaji tun ban sayi mota ba, kuma har yau da nake wannan rubutu ban saya ba. Duk Madawa an san haka. In baƙo ya tambayi gidana, ba a ce masa gidan mai sayar da kayan injin ban-ruwa. Sai a ce, "Bi nan, in ka ga garajin da ba mota, ka iso." Lokacin da nake gininsa kuwa, babu wanda ban tsayar a hanya na nuna masa ba. Bulo na siminti, rufin tol, wato kwano, ga ƙofar ƙarfe mai ganye biyu wadda in an buɗe ta da safe sai an ji kukanta a Azarori. Na ce wa magini ya faɗaɗa, don motar da zan saya ba irin ƙananan nan ba ce da akuya ke iya turewa. Shekaru suka yi ta wucewa, garaji na ajiye tsohon moto, wato babur, da buhunan albasar maƙwabta, da wata kazar matata da ta mai da shi wurin ƙyanƙyasa.

Wanda ya fara kwana a cikinsa taubashina ne.

Ɗan kawuna ne, wan mahaifiyata. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, saboda haka tun muna yawo ba wando a ƙauyenmu, can wajen Babankatami, bai taɓa kirana da sunana ba. Bawa yake ce mini. Ni kuma ban taɓa ganinsa na bar shi ya wuce lafiya ba. In ya yi sabuwar riga, na ce aro ce. In ya yi aski, na ce wanzamin ya manta da kunnuwa, ya kamata a rage su. Kowace shekara da an gama yankan hatsi yakan tafi bida, wato ci-rani. Daga baya ya koma haƙar zinariya can arewa, ya yi shekaru yana shiga rami yana fita. Zinariyar da ya kawo ba ta wuce ta sayi shanun noma biyu ba. Abin da ya kawo da yawa ƙurar dutse ce, tana cikin ƙirjinsa.

Bayan kaka aka kawo shi likita, wato asibiti, nan Madawa. Lokotoro ya ɗaga hoton ƙirjinsa ya daɗe yana kallo, ya rubuta magani, ya ce kada ya yi nisa da gari. Matarsa ba ta iya barin yara da dabbobi a ƙauye, sai dai ta riƙa zuwa ranar kasuwa. Na ce ya shigo cikin gida. Ya ƙi. Ya ce ba zai kai tari kusa da ƴaƴana ba, ko da lokotoro ya ce ba irin mai yaɗuwa ba ne. Sai muka share garaji, muka kai gadon ƙarfe da katifa.

Yana tsaye a bakin ƙofa, ya dafa bango, ya ƙare wa wurin kallo. "Bawa," in ji shi, "ashe dai ka yi mota. Tsohuwa ce, ka yi haƙuri da ita. Da sahe sai ta yi tari kahin ta tashi."

Na ce, "Irin motar ga ko kyauta aka ba ni, sai an haɗa min da masu turi."

Ya yi dariya. Dariyar ta koma tari, tarin ya durƙusar da shi. Ranar na fara koyon auna wasa, ni da ban taɓa auna komai ba a duniya.

Sai ɗari ya shigo. Mutanen gari za su ce maka ɗarin shekaran nan kamar na kullum ne. Ƙarya suke. Ni na ga zakara ya buɗe baki da asuba ya fasa. In ka yi wa mutum sallama a hanyar masallaci, sai hantsi take narkewa ya amsa maka. Garajin da nake taƙama da shi kuwa, ashe tukunyar sanyi na gina. Tol ya sauko da shi daga sama, siminti ya taso da shi daga ƙasa, ƙofar ƙarfe ta tsare hanya kada ya fita. Ina dawowa daga sallar asuba sai in leƙa, in tarar da taubashina ya dunƙule wuri ɗaya, gwiwa a haɓa, kafaɗunsa na rawa.

Wata safiya na kai masa kunu, ya riƙe kwanon da hannu biyu, ba ya sha, ɗumin kawai yake ji. Ya ce in zauna. Ya ba ni labarin wani abokin raminsa, mutumin Keita, da suke raba bargo ɗaya can arewa. Ya ce wata rana ya farka ya ji bayansa da sanyi, ashe mutumin ya cika, shi bai sani ba. Ruwan da za su yi masa wanka ya daskare a jarka. Masu haƙa kabari hannunsu ya ƙi riƙe diga, suka yi rami iya gwiwa, suka tula duwatsu, kowa ya ruga wurin wuta.

"Ban ce ka warkar da ni ba, bawa," in ji shi. "Na ga huskar lokotoro, kai ma ka gani. Ka dai hid da ni daga ɗarin ga. In zahi ya shigo, abin da ya samu ya samu."

Na nuna kwanon da ke hannunsa. Na ce, "Sha kununka."

Abu na farko da na kai masa shi ne wanda kowa zai kai: kasko da gawayi. Na hura shi a waje har ya yi ja, na shigar. Ba a jima ba tari ya sarƙe shi, ya yi ta neman numfashi, idanunsa suka firfito. Na sungumi kaskon da hannu, na ƙone yatsu, na jefar a titi. Da na gaya wa lokotoro, ya dube ni kamar na ce masa na ba majinyaci guba. Ya ce hayaƙi ko na turare kada ya kusance shi.

Daga nan na shiga neman abin ɗumama ɗaki. Akwai wani mai butik, wato kanti, a bakin kwalta, mutum ne da ko ni ina sara masa wajen ƙarin gishiri. Ya ciro wani akwati mai sanduna biyu da ke yin ja in an haɗa da kuran, wato wutar lantarki. Ya ce sunansa shofaj. Ya ce, "In ka kunna wanga, sai ka buɗe taga ka raba ma maƙwabta saura." Na ɗauka na kai gida a bayan moto kamar amarya. Kuma gaskiya yana aiki. Sai dai kuran a garinmu halinsa na dangin nesa ne, ya zo tsakar rana lokacin abinci, ya tafi kafin a buƙace shi. Da azahar, rana na dukan tol, sandunan sun yi jawur. Da asuba, lokacin da sanyi ke cizo, ga shi nan a kusurwa baƙi ƙirin, shi ma kamar a lulluɓe shi.

Na koma wurin mai butik. Ya ce ai laifina ne, da na tambaye shi na manya da tun farko ya ba ni. Ya kawo mai aiki da gaz, wanda ake ɗaurawa a kan tulun gaz, fuskarsa kamar rariya. Wannan kam ba ruwansa da kuran. Na kunna da magariba, na rufe ƙofa, nan da nan garaji ya ɗauki ɗumi. Na zauna ina yabon kaina. Ina cikin ba da labarin yadda zan buɗe kamfanin sayar da zafi, sai na ga yana ɗaga mini hannu.

"Abin ga numhwashi shikai," in ji shi, a hankali, kalma ɗaya ɗaya. "Iskar da ke ɗakin ga ba ta ishe mu mu biyu ba. Ko ni, ko shi."

Na kashe. Na buɗe ƙofa, iska ta shigo, sanyi ya biyo ta. Matata ta gaji tulun gaz ɗin, har yau da shi take dafa shayi.

Barguna ma na gwada. Na tula masa su har sai mai shigowa ya tambaya ko akwai mutum a ƙasa. Ya ce ƙirjinsa ba ya ɗaukar kaya. Ya ture su ya bar guda.

Ana nan sai mahaifiyata ta zo daga ƙauye ranar kasuwa, ta zo duba ɗan wanta. Ta shiga garaji da ƙwaryar fura, ta taka siminti da ƙafa, ta shafa ƙarfen gadon, ta janye hannu. Ta juyo kaina.

"Kan ƙarhe ka aza shi? Kai da hankali dai har yau ba ku gamu ba."

Na ce, "Inna, babu abin da ban saya ba."

Ba ta ko saurare ni ba. Ta zauna tana dama fura tana mita. Ta ce ita da ta haife ni cikin irin wannan ɗari, kan gadon ƙasa ta yi jegonta, wuta na ci a ƙarƙashi, har takan roƙi a rage. Na ce hayaƙi fa? Ta ce hayaƙi kam sun sha, idonta har yau bai manta ba. Ta ba shi fura, ta yi masa addu'a, ta kama hanya kafin motar ƙauye ta cika.

Maganar ta zauna mini. Kashegari ina shago, ina jujjuya wani bututun ƙarfe na ban-ruwa da ya daɗe ba a saya ba, sai na ga abin gaba ɗaya. Gadon a ciki, bakin wutar a waje. A huda bango.

Na kira maginin da ya yi garajin. Da na nuna masa inda zai fasa, sai ya ajiye guduma ya riƙe ƙugu. "Bangon ga? Wanda ka hana yara jingina da shi?" Na ce shi. "Kuma gadon jego?" Na ce shi. Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, sannan ya tashi ya fasa. Muka jera birgi, wato tubali, a jikin bangon da ke kallon titi, muka bar kogo a tsakiya, muka shimfiɗa faffaɗan duwatsu a sama, muka shafe da laka. Bututun ya bi ta waje ya wuce rufi. Ranar da muka fara gwada wuta, mun fid da majinyaci tsakar gida yana shan hantsi, kuma gara da muka yi haka, don gadon ya tsattsage, hayaƙi ya riƙa fita ta ko'ina. Muka kwaɓa laka da kashin jaki muka toshe, muka jira ta bushe, muka sake gwadawa, muka sake toshewa. Laka ba ta gaggawa cikin sanyi. Kowace safiya ina taɓa ta da yatsa, shi kuma yana can gefe a dunƙule.

Da ya bushe, hayaƙi ya daina fita, sai mai gado ya ce bai san zancen ba. Labari ya riga ya zaga unguwa. Mata na wucewa suna leƙe suna rufe baki da mayafi.

"Ni?" in ji shi. "Ni da na shiga ramin da ko kura ba ta shiga, in hau gadon jego? A kai labari Babankatami a ce mi?"

Na lallashe shi, na zage shi, na haɗa shi da girman gwaggonsa. Ya juya mini baya a kan ƙarfensa. Ban daina hura wutar ba. Da magariba in sa itace, kafin asuba in ƙara kara. Gado ya yi ta ɗumi ba kowa a kai. Kazar matata ce ta fara gane amfaninsa, ta kwaso ƴaƴanta ta tare.

Sai wata safiya da sanyi ya kai inda ya kai. Na dawo daga masallaci, na tura ƙofa, na haska gadon ƙarfe. Ba kowa. Gabana ya faɗi. Na juya fitila. Ga shi can kan gadon ƙasa, a miƙe, ƙafafu a warware, tafin hannunsa a shimfiɗe kan tabarma. Tun da ɗari ya shigo ban ga tsawonsa ba sai ranar. Na ma manta dogo ne.

Idonsa biyu. Na tsaya na danne bakina da ƙarfi.

"Hwaɗi, bawa," in ji shi. "Kar ya kumbura ma ciki."

Na ce, "Barka da arziki. Mace aka samu ko namiji?"

Ya yi dariya a hankali, irin wadda ya koya, wadda ba ta taɓa ƙirji. Ni na yi tawa da tasa.

Daga ranar aikina ya zama wuta. Na koyi cewa karan hatsi na saurin tashi amma ba ya daɗewa, itacen ƙirya na jinkiri amma ya kai ka safe. In na cika wuta, dutse ya gasa masa baya. In na rage, sanyi ya dawo ta ƙafa. Da yake magana na gajiyar da shi, sai ya riƙa buga bango da kofin ƙarfe, ni kuma daga waje in ruga in tambaya ƙari ko ragi. Masu dawowa daga sallar asuba suka gano akwai wuta a jikin bangona, suka mai da wurin majalisa. Su tsuguna su miƙa hannu, wani ya ɗaga murya, "Ina kwanan mai jego? Ruwan nono ya zo?" Sai a ji ƙwas ƙwas daga ciki, a fashe da dariya. Wata rana na shiga fuskata duk toka, ya dube ni ya ce, "Tun muna yara nike hwaɗa ma bawana kake, kana gardama. Ga shi."

Gadon bai warkar da shi ba, kuma ba wanda ya ce zai warkar. Kullum ƙara ramewa yake. Agogon hannunsa ya riƙa zamewa har gwiwar hannu, ya cire ya ba matarsa ta kai wa babban ɗansu. In ta zo ranar kasuwa takan wanke masa kaya, ta zauna a bakin gadon, ba sa magana mai yawa. Kowace safiya tambayarsa ɗaya ce: "Ina ɗari?" Ni kuma in shirga masa. In ce na gan shi a tasha da ƙunshin kayansa yana cinikin mota. In ce an kama shi a shingen jandarma ba takarda. Ɗarin kuwa ya yi ta yi mana wasa, ya yi kamar ya tafi, ya dawo. A wata dawowar numfashi ya ƙi, muka kai shi likita a amalanke, ya kwana biyu. Da ya sami bakin magana, abin da ya fara ce mini shi ne in mai da shi gadonsa.

Ban lura da ranar da abin ya juya ba. Na fito da asuba da dammin kara kamar kullum, na tarar ba kowa a bakin bango, masu majalisa sun wuce gidajensu. Na tsuguna na hura. Wuta ba ta gama kamawa ba na ji kofi na dukan bango, da ƙarfi, ba tsayawa. Na watsar da kara na ruga.

Ya ture bargon gefe. Goshinsa na naso.

"Kashe wutar ga, bawa. Dahwa ni za ka yi?"

Na tsaya a bakin ƙofa. Na ce, "Zahi kake ji?"

"Zahi."

Muka dubi juna. Ya share goshi da bayan hannu, ya duba jiƙar da ke hannun, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce, "To. Ka cika aiki. Na ƴanta ka."

Na ce, "Wa ya ce ma ina so?"

Na fita na janye karan, na zuba ƙasa a kan garwashin. Aikin da bai kai a ce aiki ba, amma na daɗe a tsugune a wurin.

Bai jima ba bayan haka. Lokacin an fara tula albasa a bakin hanya, gari duk warinta. Da la'asar ne, ƙofar garaji a buɗe ganye biyu, matarsa na yi masa fifita. Allah ya jiƙansa.

Muka kai shi ƙauye. Washegari da hantsi na bi masu haƙa zuwa maƙabarta, don na kasa zama cikin masu gaisuwa. Rana ta riga ta buɗe. Suna haƙa suna karɓa-karɓa, rigunansu sun manne a baya. Wani daga cikinsu ya miƙe ya yarfe zufa, ya ce, "Kai, mutumin ga bai tashi tahiya ba sai cikin zahin ga." Sai ya gan ni, ya sunkuyar da kai, ya fara ba da haƙuri.

Ni kuwa dariya ta kuɓuce mini. A maƙabarta, da ƙarfi, har na dafa gwiwa. Dattawan da ke gefe suka dube ni, wani ya ce a ƙyale shi, taubashinsa ne. Ba su san komai ba. Da na iya magana na ce wa mai haƙan, "Shi ya zaɓa. Hannunka na riƙe diga?"

Ya ce yana riƙewa.

Na ce, "To ku zurhwahwa."

Suka zurfafa, har ramin ya kai musu ƙirji.

Garaji na nan. Mota ba za ta shiga ba yanzu ko an ba ni ita, gadon ya cinye wurin. Magini ya sha tambayata ko ya zo ya rushe ya toshe bangon, ina ce masa sai na neme shi. Masu kwatance ma sun sauya, yanzu garaji mai bututu suke cewa. Kofin ƙarfen yana kan gadon, inda ya ajiye shi.